Louis de Funès, ɗan wasan da sai da ya shekara 50 kafin duniya ta waiwaye shi

Jama'a sannunku da zuwa. Ku ɗan hasko wannan fuskar a ranku, gajeren dattijo mai sanƙo, ido a zare kamar wanda aka ci wa bashi. Idan ka taso a Maraɗi ko Damagaram ko Garwa kana kallon tashoshin Faransa, da wuya a ce ba ka taɓa ganinsa ba ko da ba ka riƙe sunan ba, shi ne jandarman nan mai masifa. Sunansa Louis de Funès, kuma yau labarinsa za mu yi.

An haife shi ranar 31 ga Yuli 1914 a Courbevoie, nan gefen Paris, iyayensa 'yan Sifaniya ne da suka yi ƙaura zuwa Faransa. Boko dai bai karɓe shi ba. Ya gwada sana'o'i kala-kala, ya koyi ɗinkin rigunan gashin dabba, ya yi aikin shirya kaya a tagar kanti, amma duk inda ya je ba ya daɗewa sai a sallame shi saboda shegantaka. Abin da ya riƙe shi daga ƙarshe shi ne fiyano, ya riƙa kaɗawa a mashaya da gidajen rawa na Paris har tsakar dare a ba shi ɗan abin da ba a rasa ba. A 1942, lokacin Jamus na riƙe da Paris, ya shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo ta René Simon, yana da shekara 28.

Fim ɗinsa na farko, La Tentation de Barbizon, ya fito a 1946, kuma wallahi idan ka tashi ɗauko ruwa ka dawo an wuce wurinsa, mai tsaron ƙofa ya fito, ko minti ɗaya bai yi ba. To haka fa aka yi ta tafiya kusan shekara 20, yau shi ne sabis a gidan abinci, gobe direba, jibi maƙwabci mai ƙorafi, ya yi kusan fim 100 a haka kuma sunansa can ƙasan fasta idan ma an sa. Ni a ganina nan ne ya koyi sana'ar, domin wanda aka ba daƙiƙa 40 kacal dole ya san yadda zai sa a tuna da shi, magana ba a ba shi da yawa ba sai ya koma amfani da gira da baki da kafaɗa da hannu.

An fara lura da shi a 1956 a La Traversée de Paris, inda ya fito a matsayin Jambier, ɗan kanti mai sayar da naman alade a ɓoye lokacin yaƙi. Ɗan wasa Jean Gabin, wanda ya fito a mai dakon naman, ya tsaya a cikin gidan ƙasa na kantin yana kwarara sunansa da adireshinsa da ƙarfi don a ƙara masa kuɗin dako, shi kuma Jambier yana zufa yana roƙo a yi shiru yana ƙirgo kuɗi kamar ana zare masa rai. 'Yan mintoci ne, amma har yau Faransawa suna maimaita wurin.

Wasan daɓe ma ya taimaka masa sosai, kuma mutane kan manta da wannan. Wasan Oscar na Claude Magnier ya fara yi a 1959 yana zaga garuruwa, sannan a Paris a 1961, kullum dare yana ƙara wani abu nasa, akwai wurin da yake jan hancinsa kamar roba yana miƙe shi, ya kaɗa shi kamar goge. Sai 1967 aka mayar da wasan fim.

Sai 1964, yana cika shekara 50, ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Le Gendarme de Saint-Tropez ya fito, Fantômas ya biyo baya a shekarar, 1965 kuma Le Corniaud. A fim ɗin jandarman ne za ka ga ainihin abin da ya ƙware a kai. Ya fito a matsayin Cruchot, ƙaramin ofisa ne, idan yana gaban ogansa Gerber, wanda Michel Galabru ya fito, jiki na rawa murya ta yi laushi, ranka ya daɗe kawai, amma yana juyowa kan ƙananan jandarmomi sai ya koma zaki, ihu, zare ido, hura usur. Kowa ya san irin wannan mutumin, akwai shi a ofis, akwai shi a tasha, akwai shi a bakin get, kura ce ga ƙanana rago ga manya. Abin mamaki shi ne mugun hali yake nunawa zalla, rowa da tsoro da fadanci, amma ba ka iya tsanarsa, dariya kawai kake yi saboda kullum a ƙarshe shi ke kwana a ciki. Fim shida aka yi na jandarman, na ƙarshe a 1982.

Babban dai shi ne La Grande Vadrouille na 1966 wanda Gérard Oury ya ba da umarni. De Funès shugaban makaɗa ne mai girman kai, abokin wasansa Bourvil kuma mai fenti ne bawan Allah, ƙaddara ta haɗa su suna taimakon matuƙan jirgin Ingila su tsere wa sojan Jamus. Takalminsa ya matse shi a hanya sai kawai ya karɓe na mai fenti, can gaba ma har kafaɗarsa ya haye. An sayar da tikiti sama da miliyan 17 a Faransa, ba fim ɗin da ya wuce shi a ƙasar sai Titanic a 1998. A Jamus da Tarayyar Sobiyet ma ya yi farin jini sosai, amma Amurka da Ingila ba su wani san shi ba.

Irin wannan wasa na tsalle da ihu kuwa yana cin jiki. A 1973 ya yi Rabbi Jacob, ya kuma koma daɓe da wani wasan marubuci Jean Anouilh, sai a Maris 1975 bugun zuciya ya kayar da shi. Kamfanonin inshora suka ja baya, aka ɗauka shi kenan an gama, amma furodusa Christian Fechner ya dage har aka yi L'Aile ou la Cuisse a 1976 tare da ɗan barkwanci Coluche. Idan ka kalli fim ɗin za ka ga ya rame, ya rage tsalle, fuskar ce ke yin aikin.

Masu sharhin fim sun daɗe suna raina shi, wai yatsine-yatsine ne kawai, sai 1980 aka ba shi kyautar César ta girmamawa, wato babbar kyautar fim ta Faransa, ɗan barkwancin Amurka Jerry Lewis ne ya miƙa masa. A gida kuma wani mutum ne daban, shiru-shiru, mai riƙo da addininsa na Katolika, tun 1967 yana zaune a gidansa na Clermont a Le Cellier kusa da Nantes yana kula da lambun furensa, har akwai wani irin furen wardi da aka sa wa sunansa. Ya rasu ranar 27 ga Janairu 1983 yana da shekara 68, zuciyar ce dai, aka binne shi a Le Cellier. Lokacin kullen korona na 2020 da aka tsare mutane a gida, finafinansa na cikin waɗanda talabijin ɗin Faransa ta riƙa sakawa da rana.