Gasar Makarantu a Kano: Wane Ne Ke da Zaɓi?

Masu kallonmu, assalamu alaikum.

Ku shiga lungunan Ɗorayi, Kurna ko Hotoro, da wuya ku yi nisa ba ku ga gidan da aka shafe da fenti aka mayar makaranta ba. Ga allo a ƙofa: nazire, firamare, Islamiyya, har da tahfiz. Ƙarfe bakwai da rabi na yi, adaidaita sahu ta fara sauke yara, kowace makaranta da kalar yunifom ɗinta. Masana zamantakewa sun daɗe suna ja-in-ja a kan irin wannan gasa. Gyara ilimi take yi, ko raba yara take yi bisa aljihun iyayensu?

A 1955, wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Milton Friedman, ya ce gwamnati ta riƙa bai wa iyaye takardar kuɗin karatu, su kai ta makarantar da suka ga dama. Wadda ta yi sakaci, ɗalibai su watse, ta rufe. Kuma maganar ba ta banza ba ce. Duk mai makarantar kuɗi a Kano ya san idan yaro ya shekara bai iya haɗa baƙi ba, ubansa zai cire shi, ya tafi har da ƙannensa. James Tooley ma, wani masanin ilimi ɗan Birtaniya, da ya yi bincike a Makoko ta Legas, ya tarar talakawa na biyan ƙananan makarantun kuɗi, don suna ganin malami a aji.

Ƙasar Chile ta gwada tsarin Friedman tun 1981. Makarantu masu zaman kansu suka yawaita, amma ɗiyan masu hali suka taru waje ɗaya, na talakawa waje ɗaya, domin makaranta ma tana zaɓen wanda za ta ɗauka. A 2006 ɗalibai suka fito zanga-zanga, a 2015 aka yi dokar da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati tace ɗalibai da cin riba.

A Ingila kuwa, bayan dokar ilimi ta 1988 wadda ta faɗaɗa wa iyaye damar zaɓen makaranta, masanin zamantakewa Stephen Ball da abokan aikinsa sun zauna da iyaye a Landan, suka gano ba kowa ne ya iya zaɓen ba. Mu dawo gida. Ma'aikacin da ke Nassarawa yana da mota, ya san wanda zai tambaya, yana iya buɗe littafin yaro ya gane ko ana karatu. Bazawarar da ke sayar da awara a Rimin Kebe fa? Iyakar zaɓinta inda ƙafar yaro za ta kai, da inda za a yi mata haƙuri ta biya kaɗan-kaɗan. Abin da idonta ke gani shi ne fenti, da bikin yaye ɗalibai, da yaro na gaisuwa da Turanci. Sai gasar ta karkata can, wasu ma har ta kai su ga sayar da amsar jarrabawa.

Abin da ya fi damu na shi ne wanda masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya bayyana a 1970, kuma a jirgin ƙasan Najeriya ya fara lura da shi. Manyan motoci sun kwashe wa jirgin kaya, amma bai gyaru ba, saboda masu bakin da za su matsa a gyara sun riga sun koma mota. Haka makarantar gwamnati. Da, ɗan attajiri da ɗan dako benci ɗaya suke zama a Kwalejin Rumfa. Yau kansila da darakta, kai har wani hedimastan, sun kwashe nasu. Idan rufi ya yaye, wa zai buga waya a ɗauka?

Gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, a 2024 kuma aka sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Ni dai ba na zargin uban da ya cire ɗansa, kowa nasa yake so ya tsira. Amma ya kamata hukuma ta riƙa auna karatun yara a kowace makaranta, ta kuɗi da ta gwamnati, ta karanta sakamakon a rediyo da Hausa, unguwa-unguwa. Waɗanda suka cire 'ya'yansu kuma, kada su bar kujerunsu a kwamitin makarantar unguwa.