Tarakta ta ƙi ɗaga bokiti a sanyin Minesota

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da hayaƙin da ke fita daga bakina, ba sigari na fara sha ba. Yau a nan jihar Minesota ta Amurka ma'aunin sanyi na mutanen ƙasar yana kan sifiri, wato kusan 18 ƙasa da sifiri a irin namu. Abba ne ke riƙe da waya, in kun ga hoton yana rawa, hannunsa ne ke karkarwa.

Ga ta nan, 'yar ƙaramar taraktata, mai ƙarfin doki 25, injin dizal mai silinda uku. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don abin da ya faru ba laifinsu ba ne. Dusar ƙanƙara ta sauka cikin dare ta rufe mana hanya daga ƙofar gida har bakin titi. Na tayar da inji, ya tashi lafiya. Na ja libar bokiti, wato babban shebur ɗin da ke gaban tarakta, sai ya ɗan motsa yana kakkarwa kamar tsohon da zazzaɓi ya kama, ya tsaya. Sitiyari ya yi nauyi. Hannuwan baya da ake rataya garma su ma sun ƙi tashi. Abba, matso nan gefen inji. Kun ji wannan kukan? Famfon haidurolik ne, wato mai tura man da ke ɗaga kaya. Bari in kashe, don duk minti ɗaya da ya yi yana wannan kuka, cin kansa yake yi.

Gaskiya abin da ya fara zuwa raina shi ne famfo ya mutu. Har na buɗe waya na ga kuɗin sabo, ɗaruruwan daloli, na yi salati na mayar da ita aljihu. Sai na tuna maigidana na gareji a Funtuwa, Allah ya jiƙansa. In yaro ya zo masa da gudu ya ce famfo ya tafi, ba ya ko ɗaga kai, sai ya ce: ka duba ko ya samu abin sha tukuna?

Aikin famfo shi ne ya zuƙo mai ya tura gaba, iyakarsa ke nan. Ƙarfin da ke ɗaga kaya yana samuwa ne in man ya tarar da abin da ya tare masa hanya. In mai bai iso bakin famfo ba, ko sabo ne fil ba abin da zai ɗaga. A irin waɗannan ƙananan taraktoci kuma, akwatin giya shi ne tankin man. Man da ke wanke giya shi ke ɗaga bokiti, shi ke ɗaga garma, shi ke sauƙaƙa sitiyari. Da bokiti kaɗai ya ƙi, da na nemi matsalar a wajen bokiti. Tunda duka ukun sun kwanta lokaci guda, to abin yana can tushe, inda suka yi tarayya.

Duk da haka ƙananan abubuwan ba sa cin lokaci. Ga mahaɗan tiyo huɗu na bokiti, kowanne da launinsa. In ɗaya bai shiga ya kama sosai ba, mai ba zai wuce ba. Na danna su, lafiya lau. Ga wata 'yar marfiya a ƙarƙashin kujera da ke daidaita saurin saukar garma, wadda in aka murɗe ta gaba ɗaya hannuwan baya sai su maƙale a sama. A buɗe take. Masu cire injin haƙa na baya kuma, ku tabbata kun mayar da tiyon da ke haɗa zagayen mai, in ba haka ba kun toshe wa famfo hanya. Ni ba ni da shi, mu wuce.

Yanzu sandar awon mai. Tarakta na kan daidai, bokiti a ƙasa. Abba, haska nan. Na zaci zan tarar man ya yi ƙasa, sai ga shi ya haura alamar cika. Ban ƙara ko ɗigo ba tun bara, to wa ya ƙara mini? Launin ma ba daidai ba ne. Man kirki garau yake kamar man gyaɗa, wannan kuwa ya koma kamar shayin da aka cika wa madara. Ruwa ba ya tsami banza.

Bari mu sa geji, wato agogon auna ƙarfin matsin mai, mu ji ta bakinsa. Wannan yana karanta har 3,000 a ma'aunin psi. Zan cire tiyo ɗaya na bokiti in sa gejin a madadinsa, amma sai na fara kaɗa liba gaba da baya, hagu da dama, inji a kashe, don sauran ƙarfin da ke cikin tiyo ya sauka. Ku saurare ni da kyau a nan, musamman yaran gareji. Kada mutum ya kuskura ya shafa tiyo da hannu yana neman inda ke yoyo alhali inji na aiki. Man da ke fita ta ƙaramar huda yana iya huda fata ya shiga cikin nama kamar allura. Wurin zai yi kamar ƙaya ce ta soke ka, ka ce ba komai, kafin gobe hannu ya kumbura, wasu har yanke yatsa ake yi. Da kwali ake neman yoyo. In kuma tsautsayi ya faɗa, asibiti nan take, a gaya wa likita man haidurolik ne. Haka nan ba a shiga ƙarƙashin bokitin da ke sama ba tare da an tokare shi ba.

To, na tayar, na ƙara wuta, na riƙe liba daƙiƙa biyar kawai. Littafin taraktar ya ce allura ta tsaya wajen 2,300, inda bawul ɗin kariya, mai rage matsi in ya yi yawa, ke buɗewa. Kun ga tamu? Tana tsalle tsakanin 500 da 900, ta ƙi zama wuri ɗaya. Da bawul ɗin ne ya maƙale a buɗe, da allura ta tsaya ƙasa shiru, ba wannan rawa, ba kuma wannan kuka.

Ga maƙwabcina nan tafe, dattijo ne da ya haura shekara 70, a gona aka haife shi. Ya dubi sandar mai, ya ce kada in taɓa komai, in lallaɓa ta zuwa garejinsa mai hita ta kwana. Bokitin ya ɗagu kamar taƙi ɗaya, ya ishe mu. Sai da safe.

Barkanmu da asuba. Ta kwana cikin ɗumi, ban kwance ko noti ɗaya ba. Ku duba. Bokiti ya tashi sumul, sitiyari kamar ba shi ba, kuka ya tafi. Dattijon yana ta dariya. Abin da ya bayyana mini, kuma hankali ya ɗauka, shi ne famfon da ya cinye yana nuna halinsa ne in mai ya yi zafi, don man ya tsinke yana zillewa ta tsakanin haƙoransa. Da safe zai yi aiki, da rana ya saki. Wanda kuwa ke ƙi a sanyi ya yarda a ɗumi, ƙishirwa ke damunsa. Ruwan da ke cikin man ne ya daskare a kan rariyar da famfo ke zuƙa ta cikinta.

Mu tabbatar. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya. Na sassauta notin zubar da mai kaɗan, ban cire ba. Abba, ka gani? Ruwa zalla ke ɗigowa kafin mai ya biyo. Mai shakka ya ɗiga man a kan ƙarfe mai zafi; in akwai ruwa zai ji yana tartsatsi kamar an jefa ɗanyen ƙosai a kasko.

Ga rariyar na zaro. Subhanallahi. Wani farin abu ne mai yauƙi ya lulluɓe ta, da ɗan garin ƙarfe kaɗan, wanda ba abin tashin hankali ba ne. Na wanke ta da dizal, na hura mata iska. Filta sabuwa, na shafa wa robarta mai, na kuma duba tsohuwar roba ba ta manne a jiki ba, don in suka haɗu biyu wurin ba zai rufu ba. Tiyon da ke kai mai bakin famfo ma na matsa shi ko'ina, domin in ya tsage iska yake zuƙa ba lallai ka ga yoyo ba, sai dai mai ya yi ta kumfa. Nawa lafiya yake.

To ta ina ruwan ya shiga? Ga amsar a gaban idona tun watanni: robar da ke rufe gindin libar giya ta yage. A waje taraktar ke kwana, duk ruwan saman bana ta nan ya bi, ni kuma ina ƙara mata da injin wanki mai feshi. Lokacin canjin mai ya yi tun kaka, na ce bari in gama kwashe kabewa. Wannan kam nawa ne.

'Yan uwa da ke aiki da manyan taraktoci a gida, ku ƙanƙara ba za ta tona muku asiri ba, amma ruwan damina yana shiga ta irin wannan hanya, ya yi ta cin famfo a ɓoye. Ga ƙurar hunturu, ga man da ake awo daga buɗaɗɗen duro. Kuma don Allah a daina zuba baƙin man inji a nan; akwai man da aka yi musamman don giya da haidurolik na tarakta, shi ya dace da birkin da ke jiƙe cikin mai.

Na zuba galan shida, kusan lita 23, irin marar kauri na lokacin sanyi. Na ɗaga bokiti na sauke sau goma, na juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe don iska ta fita, na sake duba sanda na cike gurbi. Akwai sauran gurɓataccen mai a cikin silindoji da tiyo, don haka in ya sake yin fari zan sake zubarwa, ba yadda na iya.

Mun bar ta a waje awa huɗu ta sha sanyi, ga geji na mayar. Bismillah. Allura ta hau, ta tsaya cak a kan 2,300, ko motsi ba ta yi. Alhamdulillah. Sabuwar robar libar sai mako mai zuwa za ta iso, kafin nan na ɗaure wurin da guntun tsohon tub na keke, kada ku yi mini dariya.

Abba, shiga gida ka ce wa Ummanku ta ɗora shayi, yatsunka sun yi jawur. Miƙo wayar in saka a aljihu, hanyar nan ba ta share kanta.