Turaren Macen Asu da Yis Ke Dafawa

Assalamu alaikum. Abu uku zan kawo muku, in Allah ya yarda, kafin a kira la'asar.

Na farko, shi turaren kansa. Akwai wani ɗan asu da ke addabar sito-sito a duniya, tsutsarsa ta shiga gari, ta shiga gyaɗa da dabino, ta bar muku yana kamar ta gizo-gizo. Macensa idan tana neman miji wani ƙamshi take saki, namiji ya shaƙo da gashin da ke kansa, ya biyo iska har inda take. Ƙamshin nan shi ake kira feromon. Mu ba ma jin sa, shi kuwa yana ji daga nesa. Samari na baya can, na ga kuna dariya, ba a sayar da shi a kasuwa, ku kwantar da hankalinku.

Ku ji yadda aka gano shi, don ni labarin nan ba ya isata. Wani Bajamushe, Adolf Butenandt, shekara kusan 20 ya yi yana bin wannan ƙamshi a jikin asun siliki. Matan asu nawa ya yanka? Kimanin 500,000. Rabin miliyan, jama'a! Ɗaya bayan ɗaya ana cire ƙarshen cikinsu ana tarawa. Abin da ya samu a 1959 'yan miligiram ne, ko bakin cokali bai rufe ba. Rabin miliyan! Kuma mutumin nan tun 1939 an riga an ba shi kyautar Nobel. Da ni ne, wallahi da na koma gida na miƙe ƙafa.

To, ina muka tsaya? Yauwa, dabarar. In ka cika sito da wannan ƙamshi, namiji sai ya ruɗe, ko'ina mace, ko'ina babu. Ba barbara, ba ƙwai, ba tsutsa, kuma ba ka zuba guba a abinci ba. Matsalar dai tsada, haɗa shi a masana'anta yana cin kuɗi.

Na uku... na biyu ne? To, na biyu. Don a rage tsadar nan, a Danmak, wata masaniyar kimiyya Irina Borodina da abokan aikinta suka ɗauko ƙwayoyin gado daga jikin ƙwari suka dasa wa wani yis, ɗan'uwan na burodi, mai iya tara maiƙo. A ba shi abinci a cikin tanki, ya juya maiƙon ya zama tushen feromon, a tace, a ƙarasa haɗi. Kamfaninsu BioPhero an kafa shi a 2016, kamfanin FMC na Amurka ya saye shi a 2022 a kan wajen dala miliyan 200.

Na'am, Hajiya? Ɗaga murya kaɗan. Tana tambaya ko zai yi wa wakenta magani. Hajiya, ba zai yi ba. Kowane ƙwaro da nasa turaren, na asu ba ruwansa da ƙwaron wake. Kuma shi ƙwaron wake tun daga gona yake shigowa a cikin ƙwayar, kafin ki ɗaure buhu yana ciki. Ki nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi. Ki shanya waken ya bushe sosai, ki matse iska, ki ɗaure kowace leda daban, ƙwaron zai shaƙe. Sannan don Allah ki gaya wa maƙwabta su daina yayyafa Sniper a wake. Ga ladan can ya fara, na ukun sai mako mai zuwa.