Ghost Trick: gem ɗin fatalwar da masoyansa suka ƙi bari ya mutu

Bashir: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau mu uku ne a kan makirufo, ni Bashir, ga Zainab, ga kuma ƙaninmu Nura. Gem ɗin da za mu tattauna a kai shi ne Ghost Trick: Phantom Detective na kamfanin Capcom, kuma abin da ya fi damunmu yau shi ne yadda 'yan wasa suka karɓe shi, don labarin karɓuwarsa abin a zauna a yi magana ne.

Zainab: Kafin mu je ko'ina Yaya Bashir, a yi alkawari tukuna. Ba wanda zai faɗi ƙarshen labarin nan. Ko da wasa.

Nura: Ni ai ban ma kai ƙarshen ba Anti Zainab, ina babi na 9, don haka ku ne za ku kama bakinku saboda ni.

Bashir: An yi alkawari. To ga wanda bai san shi ba, Shu Takumi ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni, mutumin da ya ƙirƙiro Ace Attorney, gem ɗin lauyoyin nan. Ya fara fita a Japan a watan Yunin 2010 a kan Nintendo DS, na'urar gem ta hannu, sai Amurka da Turai suka samu a Janairun 2011. Kai ne Sissel, ka farka da dare a wani juji da ake zubar da tarkace, ka ga gawarka a yashe, ba ka tuna ko kai waye ba, ba ka san wa ya kashe ka ba, sai wata fitilar tebur mai suna Ray ta fara maka magana ta ce gari na wayewa za ka ɓace gaba ɗaya. Dare ɗaya kacal gare ka.

Nura: Kuma fa mutane da yawa da sun ji an ce fatalwa sai su ɗauka irin gem ɗin ban tsoron nan ne da wani abu zai faɗo maka daga duhu. Sam ba haka ba ne. Kala-kala ne, ga ban dariya, mutanen ciki kowa da irin tafiyarsa.

Zainab: Abin da fatalwar ke iya yi ma kaɗan ne, kuma nan daɗin yake. Ba za ka shiga jikin mai rai ba. Kayayyaki kawai kake shiga, ka buɗe firji, ka kaɗa jita, ka murza fedar keke, ka miƙe tsani, kuma hannunka gajere ne, sai abin da ke kusa da kai za ka iya tsallakawa zuwa cikinsa. In kana son zuwa wani gini daban sai ka bi ta layin tarho. Babban ikonka shi ne in ka taɓa gawar wanda bai daɗe da mutuwa ba, za ka koma minti 4 kafin mutuwarsa, ka zauna ka kalli yadda abin ya faru tiryan-tiryan, sannan a mayar da kai farko a ce to bismillah, canja shi.

Bashir: Minti huɗun nan shi ne duk gem ɗin.

Zainab: Shi ne wallahi. Ɗauki babi na 2 misali, wannan ba tona asiri ba ne tunda yana cikin abin da ake bayarwa kyauta a gwada. Akwai yarinya Kamila a ɗaki ita da ɗan karenta Missile, maharbi na hanya, kai kuma ba ka da baki ba ka da hannu balle ka ce mata ki gudu. Me za ka yi? Sai ka yi dabara abin jin kiɗanta ya faɗa cikin ruwa don kar ta saka shi a kunne, ka gangarar da abin ci zuwa ƙarƙashin kujera, karen ya bi yana haushi, ita kuma ta rarrafa ta bi shi don ta lallashe shi, daidai lokacin mutumin ya shigo ya tarar ɗaki ba kowa. Ranar da na haɗa wannan sai da na ajiye na'urar na yi tafi ni kaɗai, don ka ceci rai da tarkacen da ba wanda yake kallo.

Nura: To Yaya, in har yana da kyau haka, me ya sa bai yi kasuwa ba a farko? Don duk inda ka karanta sai ka ga ana cewa an yabe shi amma ba a saya ba.

Bashir: Masu sharhi sun yabe shi sosai tun a lokacin, cinikin ne bai taka kara ya karya ba. Ni a ganina abu biyu ne suka haɗu. Na farko lokaci, ya zo ne a ƙarshen zamanin DS, don 3DS ta fito a Japan a Fabrairun 2011, sauran ƙasashe a Maris, ka ga wata biyu kenan bayan gem ɗin ya isa Amurka da Turai, hankalin kowa ya koma kan sabuwar na'ura. Na biyun kuma shi ne wanda na fi yarda da shi, gem ne mai wuyar tallatawa. Abin da ya fi komai ƙarfi a cikinsa shi ne labarin da yadda yake juyewa a ƙarshe, kuma shi ne abin da ba ka isa ka faɗa ba. Ka je ka ce wa mutum sayi wannan, za ka zama fatalwa kana buɗe firji, ai kallonka kawai zai yi.

Zainab: Shi ya sa in ka shiga sharhin 'yan wasa a Steam, kasuwar gem ta kwamfuta a intanet, za ka ga kusan bakinsu ɗaya, kowa na cewa kar ka nemi bayani, kar ka kalli bidiyon kowa, kawai ka buga. Kuma matakin yabon da ya samu a can shi ne na ƙoli da Steam ke bayarwa. Ni abin da yake taɓa ni shi ne mutanen da ba su san juna ba sun riƙe sirrin labari ɗaya sama da shekara 10 saboda wanda bai buga ba tukuna. A intanet fa, inda ake fasa ƙwan komai tun ranar da ya fito.

Bashir: Kuma su suka riƙe shi da rai. An kai shi iPhone, a Japan ƙarshen 2010, sauran duniya 2012, babi biyun farko kyauta, nan ma wasu suka same shi. Daga nan shiru, ba ci gaba, ba komai, sai dai wanda ya buga ya ja abokinsa, abokin ya ja wani. Sai a 2023 aka sanar za a sabunta shi, ya fito ranar 30 ga Yuni a Switch da PlayStation 4 da Xbox One da kwamfuta. Shekara 13 kenan daga fitowar farko.

Nura: Ni ta nan na shigo. Amma ku bar ni in faɗi ɓangaren masu ƙorafi, don akwai su, kuma ba ƙarya suke ba. Kowace matsala hanyar warwarewa ɗaya ce tak. In ka zo da taka dabarar mai ma'ana amma ba ita marubucin ya tsara ba, ba za ta yi aiki ba. Wani lokaci kuma akwai daƙiƙa ɗaya da dole ka tsallaka cikin wani abu yana wucewa, in ka kuskure ta shi kenan ka maƙale, kana nan kana jira har mutumin ya sake mutuwa ko kai da kanka ka mayar da lokaci baya, ka sake kallon abin da ka riga ka kalla. Masu cewa wannan gwaji ne kawai da faɗuwa har ka dace, ni na fahimce su.

Zainab: Na ji ka Nura, amma ban yarda gaba ɗaya ba. Faɗuwar ai ita ce karatun. Duk lokacin da ka kasa, ka ga wani abu da ba ka gani ba a baya, ka ji wata magana, ka lura wane yana ɗaga tarho a daidai lokaci kaza. Kuma in ka ɗan canja ƙaddarar mutum gem ɗin yana ajiye maka wurin, ba sai ka koma farkon minti huɗun ba. Sannan Sissel da mamacin suna hira a gefe suna ɗan haska maka hanya.

Nura: Babi na 9 fa?

Bashir: Kai, babi na 9 kam ko masoyan gem ɗin na gani-kashe-ni sun yarda da kai.

Nura: Yauwa. Gidan yari, an ɗauke wuta, duhu ko'ina, masu gadi na yawo da gilashin gani a duhu, kai kuma aikinka ka fitar da fursuna ba tare da an hango shi ba. Gem ɗin da ya saba maka da zama ka yi tunani a natse sai ya koma na laɓe-laɓe, kuma sai ka shiga duniyar fatalwa, wato yanayin da kake tsallakawa tsakanin kayayyaki, kafin ka ga inda kowa yake. Mutane da yawa sun ce a nan suka ajiye shi na wani lokaci.

Zainab: Gaskiya ne, shi ne wurin da aka fi kuka da shi. Abin da zan ce maka kawai shi ne babi 18 ne gaba ɗaya, rabi ka yi, kuma abin da ke gaba ya fi abin da ka baro nesa ba kusa ba. Akwai ikon da wata fatalwar za ta zo da shi na musanya abubuwa biyu masu siffa iri ɗaya, daga nan matsalolin suke buɗewa sosai, kana sarrafa fatalwa biyu kowacce da nata aikin.

Bashir: Bari mu zo kan abin da ba a jayayya a kansa, wato motsin mutanen. Ko wanda bai so gem ɗin ba yana yabon wannan. Sufeto Cabanela da farar kwat ɗinsa da jan mayafi a wuya, mutumin da ba ya shiga ɗaki sai da rawa, ko matakala zai sauka sai ya yi juyi. Ba a jin muryar mutanen cikin gem ɗin fa, rubutu ne kake karantawa, amma daga yadda mutum yake tafiya ko yake zama ka riga ka san halinsa. A kan ƙaramin sikirin ɗin DS wannan santsin motsi ya ba mutane mamaki ƙwarai a 2010.

Zainab: Sai Lynne, 'yar sandan bincike mai jan gashi, wadda take ta mutuwa kana ta dawo da ita a dare ɗaya har abin ya zame mata jiki, ta ganka ta gaishe ka kamar kun haɗu a hanya. Amma Yaya kowa ya san wanda ya sace zuciyar mutane.

Nura: Missile.

Zainab: Missile mana! Ɗan ƙaramin kare mai gashi buzu-buzu, irin Pomeranian, wanda duk wanda ya shigo gidan sai ya yi masa maraba da haushi ko da maharbi ne. Ka same shi a mace, ka yi magana da ruhinsa, shi ko a jikinsa, damuwarsa ɗaya ce a duniya, a ceci Kamila. Takumi sunan karensa na gaske ya saka masa, shi ma Pomeranian ne, kuma kana ji a rubutun cewa wanda ya zauna da kare ne ya rubuta. Duk jerin da aka yi na karnukan da aka fi so a wasannin bidiyo da wuya ka rasa sunansa. Mutane suna shiga don Sissel su fito suna maganar Missile, wasu har da hawaye, kuma ba zan ce komai ba bayan wannan.

Bashir: Kar ki ce. Game da sabon na 2023 kuma, tsofaffin masoya sun ji daɗi don ba a taɓa labarin ba, an dai goge hoton ya fito tas. Kiɗan asali na Masakazu Sugimori yana nan, an ƙara sabon tsari na Yasumasa Kitagawa, kana iya zaɓar wanda kake so, kuma har yau ana ta muhawara kan wanne ya fi. Ƙorafin da aka fi yi shi ne hoton bai cika faɗin talabijin ba, an bar shi da tsohon fasalinsa an sa ado a gefe biyu.

Nura: Ni wannan bai dame ni ba, bayan ɗan lokaci na manta da gefen ma. Wasu kuma sun ce sun fi son alƙalamin DS, wai jan fatalwar da hannu a kan sikirin ya fi daɗi a kan sandar kwantirola.

Zainab: Wannan na yarda da su, shi ya sa a waya ko a Switch da yatsa ya fi zama daidai. Wani abin kuma da ake yawan faɗa shi ne in ka gama shi ka gama, awa 10 zuwa 12 ne, ba wata hanya ta biyu ko ƙarshe na daban. Amma waɗanda suka sake bugawa suna cewa zagaye na biyu wani gem ne daban, don tun daren farko a jujin nan an baza maka alamu a gabanka, har da abubuwan da Sissel ya kasa yi da kake ɗauka mantuwa ce kawai.

Bashir: Zainab, kin fara matsowa kusa da wuta.

Zainab: Na yi shiru, na yi shiru.

Nura: To kashi na biyu fa? Don na ga masu roƙo suna da yawa.

Bashir: Suna da yawa, amma masoyan sun rabu biyu. Wasu na son a sake amfani da dabarar minti huɗun da sababbin mutane da sabon labari, wasu sun ce a bar shi haka, labarin ya rufe kowace ƙofa da ya buɗe, ba abin da za a ƙara masa. Ni ina tare da na farko, don wannan tsarin na shiga kayayyaki ya fi ƙarfin gem ɗaya.

Zainab: Ni kuma in za a yi, to a kyale Sissel da Missile inda aka ajiye su, a nemo wata fatalwar. Nura, ga abin da zai taimake ka a gidan yarin nan, ka daina gaggawar kiran fursunan ya taho, fara leƙa duniyar fatalwa ka ga inda kowane mai gadi yake kallo, sannan ka duba sama, akwai hanya ta cikin rufi.

Nura: Ta rufi? To yau da dare zan koma. Mako mai zuwa in na gama sai mu yi wani zaman na waɗanda suka kai ƙarshe kaɗai, mu baje komai a faifai.

Bashir: Mun amince, za mu sa gargaɗi a farkon shirin. Jama'a sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.