Kwamfutarka Intel Ce, Sabar ARM: Za Su Fahimci Juna?

A ce kana da kantin magani a titin Ahmadu Bello nan Sakkwato. Manhajar da yaranka ke shigar da ciniki tana kan tsohuwar kwamfuta mai furosesan Intel (furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta). Sai mai kula muku da na'urori ya ce zai kwashe rumbun bayanan zuwa sabar, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai tana ba wasu, mai furosesan ARM, irin Graviton da Amazon ta fito da shi a 2018, don ya fi sauƙin kuɗi. Hankalinka ya tashi: manhajar za ta ci gaba da aiki kuwa?

Za ta yi. Dubi Bafulatana mai nono da Bazabarme a Babbar Kasuwa. Kowa da yaren da yake yi a gida, amma ciniki da Hausa ake ƙulla shi. Manhaja da sabar ma haka suke: ba ruwan ɗaya da abin da ke cikin ɗaya, ƙa'idar magana ce ta haɗa su. PostgreSQL, manhajar da ke riƙe rumbun bayanai a sabar, na sauraro a ƙofa mai lamba 5432, takwararta MySQL a 3306.

Ƙa'idar har tsarin jera lamba ta yanke. Ɗauki 258. A bayit biyu take zama, wato gurabe biyu na ajiyar kwamfuta, 1 da 2. Manyan injinan IBM Z suna fara ajiye 1, Intel kuwa 2 yake sawa gaba. In aka karanta a juye, 258 ta koma 513, kuma mai bin ka bashi ba zai saurari wannan bayanin ba. Shi ya sa PostgreSQL ta tsayar da cewa a kan hanyar sadarwa babban bayit (1 a misalinmu) ne ke gaba, ko wace na'ura ce ta aiko.

Inda ake tuntuɓe shi ne direba, ba na mota ba, ɗan tafintan da ke cikin kwamfutarka. Dole ya dace da manhajar da ke kiransa. Manhaja mai bit 32 a Windows ba ta ɗaukar direban ODBC mai bit 64, ko da sabar lafiya lau take.

Sai ranar ƙaura. Kada a kwafi fayilolin PostgreSQL ɗanye daga injin Intel a juye su a ARM. A fitar da bayanan da pg_dump, manhajar PostgreSQL ta kwashe bayanai, a loda su can, sannan a gwada da cinikin jiya kafin a buɗe kanti.