Daga Jankwano zuwa Kaltungo: hira kan asibitocin da addini ya kafa

MALAM: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Gombe. Tun da aka ambaci asibitocin mishan a shirin da ya gabata saƙonni ba su daina shigowa ba, wasu na cewa mun yabe su fiye da kima, wasu kuma na cewa ba mu faɗi rabin alherinsu ba. Shi ya sa ni da Hajiya muka roƙi Mama, wadda ta yi shekaru tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, ta dawo mu ƙarasa zancen. Mama, barka da zuwa.

MAMA: Barka kadai, Malam. Ni abin da ya dame ni a saƙonnin nan shi ne yadda matasa suke zaton gwamnati ce ta fara kawo asibiti kowane lungu. A ƙasar Tangale ba haka aka yi ba. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM, wato Sudan Interior Mission, sun sauka Kaltungo a 1917, kuma da ɗan ɗakin shan magani suka fara, ana wanke gyambo ana ɗaure rauni, kafin abin ya girma ya zama asibiti. A masarautun Musulmi kuwa Turawan mulki sun daɗe suna hana su shiga, domin alkawarin da suka yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addini ba, sai a shekarun 1930 ƙofa ta buɗe ta hanyar jinyar kuturta. Daga nan aka samu Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato, mu kuma a tsohuwar Bauchi muna da Bayara.

HAJIYA: Amma Mama, a faɗi gaskiya, ba jinya kaɗai ta kawo su ba, wa'azi ne babban nufinsu, kuma iyayenmu sun san da haka.

MAMA: Ban musa ba, Hajiya, su ma ba su ɓoye ba, domin da addu'a ake buɗe aiki kowace safiya. Abin da nake so a duba shi ne, duk da sanin hakan, me ya sa malami mai almajirai zai ɗauki mahaifinsa da ido ya rufe ya kai shi asibitin ido na cocin ECWA da ke Kano, wanda aka buɗe tun 1943? Saboda ya ga maƙwabcinsa ya tafi ana yi masa jagora ya dawo yana karanta Alƙur'ani da kansa. Ya je, an yi wa tsoho aikin yanar ido, sun yi sallarsu a harabar, sun koma gida da addininsu. Haka matan da yoyon fitsari ya raba da gidajen mazajensu suke tafiya asibitin Jankwano a Jos har yau.

MALAM: Sunan nan Jankwano ma abin lura ne, domin a takarda Evangel ne tun 1959, yanzu kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham, amma idan ka sauka a tasha ka ce wa mai Keke Napep ya kai ka Jankwano ba zai tambaye ka kwatance ba.

MAMA: Jama'a ce ta raɗa masa suna da launin rufinsa, kuma mutum ba ya raɗa wa abin da bai ɗauka nasa ba suna. A Jos ɗin nan ne kuma aka biya farashi mai tsada. A 1969 wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a asibitin mishan na garin Lassa a Borno, aka kawo ta Jos ta rasu, wadda ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. A 1970 likita Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawar wanda cutar ta kashe, ita ma ta rasu. Zazzaɓin Lassa da muke fama da shi duk rani a Bauchi, ta hannun waɗannan matan duniya ta fara saninsa.

HAJIYA: Wallahi wannan ban taɓa jin sa ba, ni dai na san a rufe abinci saboda ɓera.

MAMA: To bari in kai ki Kaltungo, inda zuciyata take, inda ake jinyar saran maciji. Kububuwa ƙaramar macijiya ce, launinta ya saje da ƙasa, manomi yana noma ko yana girbi ba takalmi sai ya taka ta. Ba banza Bahaushe ya ce mata gobe da nisa ba. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai ka ga mutum yana zubar da jini ta dasashi, ta fitsari, har ta tsohon rauni. Gwajin da ake yi kuwa ba ya buƙatar wutar lantarki: a ɗebi jini a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye ta minti 20, in an karkata ta jinin bai kama ba, to dafi ya shiga, a ɗaura maganin kashe dafi. In ya kama, a ci gaba da lura da shi, a sake gwadawa. Masifar ita ce jinkiri, a ɗaure ƙafa da igiya tamau, a tsattsaga wurin da reza, a kwana biyu ana jiƙe-jiƙe, sai jiki ya yi nisa a ɗauko shi a kan babur.

MALAM: Mama, kada mu yi nisa da batun…

MAMA: Ai cikin batun nake, Malam. Asibitin masu saran maciji na Kaltungo yau na gwamnati ne, har daga Taraba da Adamawa da Borno ake kawo mutane, amma sabon da jama'a suka yi na a garzaya Kaltungo ya samo asali ne tun zamanin mishan. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitocin mishan da yawa, ta gaji gine-gine da gadaje, sai dai likitan da gidansa ke cikin harabar asibiti, wanda za a buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare ya fito, shi ba a rubuta shi a takardar miƙa kaya ba.

HAJIYA: Ni kuma a nan nake so in shigo da namu ɓangaren, domin kada mai sauraro ya ɗauka Musulmi ba su da gado a wannan aiki. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da waƙafi aka riƙe shi, wato dukiyar da aka tsayar tana kawo kuɗin shiga, marar lafiya bai biya ba. A nan gida ma akwai asibitin Ahmadiyya a Kano, akwai asibitin ido na Makkah a Kano da Bauchi, ga ɗakunan shan magani na ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da na Izala. Abin da ke damuna shi ne attajirinmu yana son ya gina, a sa sunansa a bango, amma albashin ungozoma da man janareta na shekara goma ba mai son ɗauka.

MAMA: Mu ma a coci ciwon ke nan. Da taimakon waje ya ja baya, dole aka koma karɓar kuɗi a hannun marar lafiya, ga talakan da aka gina wurin dominsa yana tsaye a bakin taga yana lissafin kuɗin kati.

MALAM: Mun shirya za mu rufe da yadda masallaci ko coci zai tsayar da gona ko shaguna domin riƙe asibiti, ga shi mai ɗaukar sauti yana nuna mini agogo. Hajiya, ki riƙe mana bayanin waƙafin nan zuwa mako mai zuwa.

HAJIYA: Na riƙe, amma da shi za a fara.

MALAM: Da shi za a fara, in Allah ya kai mu. Mama, mun gode, Allah ya ƙara lafiya.