Sana'ar Gina Zaman Lafiya: Su Wa Ke Yinta, Ta Wace Ƙofa Ake Shiga?

Idan aka ambaci aikin wanzar da zaman lafiya, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya masu shuɗiyar hula, ko kuma dattijo irin marigayi Kofi Annan yana sasanta ɓangarori biyu, kamar yadda ya yi a Kenya a shekarar 2008 bayan rikicin zaɓe. Duk waɗannan suna cikin aikin, sai dai mafi yawan masu wannan sana'a ba su taɓa riƙe bindiga ba, ba a kuma taɓa ganin fuskarsu a talabijin ba.

Mu fara da masu rigakafi, waɗanda aikinsu shi ne hango wuta tun tana hayaƙi. Suna tattara bayanai kan kwararar makamai, da kalaman ƙiyayya a rediyo da intanet, da takaddamar filaye da ruwa, sannan su rubuta rahoto ga masu iko tun kafin jini ya zuba. Ƙungiyar ECOWAS tana da irin wannan tsari na gargaɗin wuri mai suna ECOWARN. Wahalar wannan fanni, wadda ba kasafai ake gaya wa sabon shiga ba, ita ce idan ma'aikaci ya yi nasara babu abin da zai faru, kuma da wuya ya gamsar da mai ba da kuɗi cewa shirun da aka ji aikinsa ne.

Bayan an tsagaita wuta kuwa, aikin ƙaruwa yake yi. Sai an karɓi makamai daga hannun mayaƙa, an sallame su, an kuma mayar da su cikin al'ummar da wataƙila sun cuta, wanda ke buƙatar malaman sana'a da masana halayyar ɗan Adam da akantocin da za su tabbatar kuɗin sallama ya isa hannun masu shi. Lauyoyi da masu fassara da masu adana bayanai ne suka yi yawancin aikin yau da kullum a Hukumar Gaskiya da Sulhu ta Afirka ta Kudu, wadda ta binciki cin zarafin da aka yi a zamanin wariyar launin fata, kuma Desmond Tutu ya jagorance ta. Ganin yadda ƙasashe ke komawa yaƙi bayan an sa hannu a yarjejeniya ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa Hukumar Gina Zaman Lafiya a 2005.

A nan ne aikin ya haɗu da ci gaba mai ɗorewa. Cikin muradu 17 da ƙasashen duniya suka amince da su a 2015, da nufin cim ma su nan da 2030, na 16 ya shafi zaman lafiya da adalci da ƙarfafa hukumomi. Injiniyan da zai haƙa rijiyar burtsatse tsakanin ƙauyuka biyu da ba sa ga maciji, idan bai tambayi ƙasar wa zai haƙa ta ba, yana iya tafiya ya bar sabon rikici a bakin famfo.

Saboda haka, a ganinmu, wanda ya zo da ƙwarewa guda a hannu, ko shari'a ko lissafin kuɗi ko aikin gona ko nazarin alƙaluma, ya fi saurin samun gurbi a kan mai kyakkyawar niyya kawai. Ana karanta fannin a Jami'ar Zaman Lafiya da aka kafa a Kosta Rika a 1980, da Jami'ar Bradford a Ingila, da cibiyar horarwa ta Kofi Annan da ke Akara. Da yawa suna farawa da aikin sa-kai a ƙananan ƙungiyoyi ko shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya. Turanci da Faransanci su ne harsunan aiki a sakatariyar Majalisar, amma jin yaren mutanen da ake aiki a cikinsu yana buɗe ƙofar da takardar digiri ba ta buɗewa. Ƙudurori biyu na Kwamitin Sulhu, mai lamba 1325 na 2000 da mai lamba 2250 na 2015, sun nemi a riƙa damawa da mata da matasa a wannan aiki.

Ya kamata mai sha'awa ya sani cewa kwangilolin galibi gajeru ne, suna kuma rataye da tallafin masu ba da agaji, kuma akwai wuraren aikin da ba a yarda ma'aikaci ya tafi da iyalinsa ba.